Yadda ake shigo da motar hannu daga ƙasar waje har a yi mata rajista

Yawancin mutane in sun tashi shigo da mota daga waje abin da suke fara yi shine su buɗe shafin gwanjo a waya su dinga kallon hotuna, wannan ta yi kyau, waccan fentinta na ƙyalli, ga kuɗinta ba yawa, kafin ka ce me har an tura kuɗi. To wallahi nan kuskuren yake farawa. Ni shawarar da nake ba duk wanda ya tambaye ni ita ce ka fara daga ƙarshe, wato daga ofishin da zai ba motar lamba. In har motar ba zata samu rajista a ƙasar da zaka hau ta ba to ƙarfe kawai ka saya, ko da kuwa injinta sabo ne dal. Na ga mota lafiyayya da ta shekara a ajiye ƙura ta rufe ta saboda harafi ɗaya tak da ya bambanta tsakanin takardar jirgi da jikin motar, kuma abin ya daɗe yana damuna don da an duba tun farko aikin minti biyu ne.

Matakin farko: ka san dokar ƙasar da motar zata shiga

Kafin ka kalli ko mota ɗaya, ka nemi amsar tambayoyi huɗu daga hukumar kwastan da hukumar rajistar motoci, daga shafinsu ko ofishinsu, ba daga bakin dillali ba.

Na ɗaya shekaru. Ƙasashe da yawa sun sa iyaka, kuma ba iri ɗaya bane sam. Kenya misali ba ta karɓar motar da ta wuce shekara 8. Amurka kuma nata a juye yake, motar da ba a ƙera ta bisa ƙa'idarsu ba sai ta kai shekara 25 sannan take shiga cikin sauƙi, Kanada shekara 15. Abin da ke kayar da mutane anan shine yadda ake ƙirga shekarun, wata ƙasar da shekarar da aka ƙera motar take lissafi, wata da shekarar da aka fara yi mata rajista, wata kuma da shekarar modal, kuma ukun nan suna iya bambanta, motar da ake ce wa modal 2016 zai iya yiwuwa a ƙarshen 2015 ta fito daga masana'anta. Sannan ka tambaya da wace rana ake yanke hukunci, don galibi ranar da jirgi ya iso ake dubawa ba ranar da ka biya kuɗi ba, kaga in ka sayi wadda take bakin iyaka a watan Nuwamba jirgi ya yi jinkiri ya iso a Janairu shikenan ta tsallake.

Na biyu ɓangaren sitiyari. Motocin Japan da Ingila sitiyarinsu a dama yake, na Amurka da Kanada da Jamus da Koriya ta Kudu da Dubai a hagu. Najeriya ta hana hawa mai sitiyari a dama, Kenya kuma mai sitiyari a hagu ne ba ta karɓa sai da dalili na musamman. Akwai masu cewa ai sai a juya sitiyarin, eh ana juyawa, amma ni bana ba kowa wannan shawarar, saboda ba sitiyari kaɗai ake taɓawa ba, har da birki da wayarin da dashbod da jakar iska, kuma in aikin bai yi kyau ba ranka ne a ciki da na iyalinka.

Na uku hayaƙi da lafiyar mota. Wasu ƙasashen suna neman matakin hayaƙi irin su Euro 4 ko sama, wasu sun hana motar da ta taɓa yin mummunan hatsari ko wadda ruwa ya ci. Na huɗu kuma shine ko dole a duba motar tun a can kafin a loda ta. Ƙasashe da dama na gabashin Afirka haka suke yi wa motocin Japan, akwai kamfanonin da aka ba izini su duba su ba da satifiket, in motar ta taso babu shi tara ce mai nauyi ko a ƙi karɓarta gaba ɗaya. A wasu wuraren ma sai ka buɗe takardar izinin shigo da kaya ta banki ko ta kwastan tun kafin jirgi ya tashi, wannan ma ka tambaya yanzu, kar ya zama ihu bayan hari.

Mataki na biyu: lissafi, kuma ka yi shi a rubuce

Kuɗin da ka gani a shafin gwanjo somin taɓi ne. Bari in yi misali da alƙaluman da na ɗauko don bayani kawai, ba farashin ko'ina bane. A ce ka ci gwanjo a dala 8,000. Kamfanin gwanjo da dillalin da ya saya maka sun ɗora 900. Ɗauko ta daga filin gwanjo zuwa tashar jirgin ruwa 500. Jirgi 1,600, inshora 100. Ka kai 11,100 kenan kuma motar bata taka ƙasarku ba. Wannan jimillar ta kuɗin mota da jigila da inshora ita ake kira CIF, kuma yawancin ƙasashe a kanta suke yanka kuɗin fito. A ce kuɗin fito kashi 20 ne, 2,220. Sai harajin VAT, a ce kashi 10, shi kuma galibi ba a kan kuɗin mota kaɗai ake ɗora shi ba, a kan CIF haɗe da kuɗin fiton ne, wato kashi 10 na 13,320, ya zama 1,332. Ka kai 14,652. Ka ƙara kuɗin tasha, na kamfanin jirgi, na ejan da zai fito maka da ita daga tasha, janwe, gyara, tayoyi, batir, rajista, a ce 2,000. Motar 8,000 ta koma sama da 16,600.

Sai ka ɗauki wannan adadin ka gwada da kuɗin irin motar a wajen masu sayarwa da suka riga suka shigo da ita. In bambancin ɗan kaɗan ne gaskiya bai kai wahalar ba, gara ka sayi wadda zaka gani da idonka ka tada ta ka ji ƙarar injinta. Wani abu kuma, kwastan ba dole bane su yarda da rasit ɗinka, ƙasashe da yawa suna da nasu jadawalin ƙimar motoci bisa iri da shekara da girman inji, to ko ka samu motar da arha su da nasu lissafin zasu yi aiki. Kuma ka bar rarar aƙalla kashi 10 zuwa 15 a gefe saboda canjin kuɗi na iya motsawa a cikin wata biyun da motar take hanya.

Mataki na uku: lambar VIN, anan nake so ka fi nutsuwa

Kowace mota tana da lambar jikinta, ana ce mata VIN ko lambar shasi. Tun 1981 aka daidaita ta a Amurka ta zama haruffa da lambobi 17, kuma babu harafin I da O da Q a ciki don kar a rikita su da 1 da 0. Harafin farko yana nuna inda aka ƙera ta: J Japan, K Koriya, W Jamus, 1 da 4 da 5 Amurka, 2 Kanada, 3 Meziko. A motocin kasuwar Amurka na goma shine shekarar modal, A 2010, B 2011, haka har H 2017, sai J 2018, K 2019, L 2020. Saboda haka in mai sayarwa ya ce maka 2018 ce ka duba na goma ka ga E, to 2014 ce aka canza mata fitilu da bamba. Motocin da aka yi don cikin Japan kuwa basu da mai 17 ɗin, lambar shasi ce gajera, kar wannan ya tsorata ka.

Ka ce a turo maka hoton lambar daga wuri biyu aƙalla, ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma sitikar jikin ginshiƙin ƙofa, ita sitikar ma tana ɗauke da wata da shekarar da aka ƙera motar. Sannan hoton takardar mallaka. Ukun nan su zama iri ɗaya harafi da harafi. Wanda ya fara yi maka kwana-kwana a kan turo lambar VIN ka rabu da shi, babu wani dalili na gaskiya da zai sa a ɓoye ta.

Da lambar zaka binciki tarihin motar. Na Amurka da Kanada akwai Carfax da AutoCheck, na kuɗi ne amma kuɗin bai kai na taya ɗaya ba, zasu nuna maka hatsari, mutum nawa suka mallake ta, da nisan tafiyar da aka rubuta lokaci bayan lokaci. Akwai kuma VINCheck na NICB, ƙungiyar yaƙi da zambar inshora a Amurka, kyauta, yana nuna ko an kai rahoton sata ko inshora ta yanke cewa motar ta tashi daga aiki. A Ingila tarihin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT yana shafin gwamnati kyauta, da lambar rajistar motar kawai zaka ga mil nawa ta yi a kowace shekara. In ka ga 140,000 a 2021 sannan yanzu agogon nisan tafiya na nuna 85,000 ai ba sai an faɗa maka ba. Kuma ka tuna motocin Amurka da Ingila da mil suke ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, mil 100,000 kilomita 160,000 kenan. Batun sata kuma ba wasa bane, Interpol na da rumbun bayanan motocin sata da ƙasashe ke dubawa, in motarka ta fito a ciki za a ƙwace ta ne ko da kai da gaskiya ka saya, kuɗinka kuma ya tafi.

Sai takardar mallaka ta Amurka da suke kira taitil. Akwai mai tsabta, akwai salbej wato wadda inshora ta ga gyaranta ya kusa ko ya wuce ƙimarta, akwai wadda aka gyara bayan salbej aka sake dubawa, akwai kuma wadda aka rubuta don kayan gyara kawai ko don a lalata. Ta ƙarshen nan kar ka kusance ta. Salbej ba duka ce matsala ba, wata ƙanƙara ce ta lotsa mata jiki, wata bamba da fitila ne kawai, in ƙasarku ta yarda da ita kuma kana da makanike nagari ana samun alheri. Amma guda biyu ni bana taɓawa ko a kyauta, wadda shasinta ya lanƙwashe da wadda ambaliya ta ci. Motar ruwa ita ce mafi ha'inci saboda a hoto tsaf take, zata tashi, zata yi tafiya, sai bayan wata huɗu ko shida wayarin ya fara ruɓewa daga ciki, yau gilashi ya ƙi sauka gobe giya ta ƙi shiga jibi ƙwaƙwalwar motar ta mutu, ka yi ta zuba kuɗi ba ƙarshe. Bayan guguwar Harvey da ta afka wa Houston a 2017 motoci dubu ɗaruruwa ruwa ya lalata, kuma irin waɗannan gwanjo suke ƙarewa. Alamunta sune tsatsa a ƙarfen ƙasan kujera, laka a ramin safaya, raɓa a cikin fitila, kafet sabo a tsohuwar mota. Sannan motar da ta zauna a wuraren da ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi, kamar Kanada da arewacin Amurka, ka nemi hoton ƙasanta don tsatsa daga can take ci.

Copart da IAA sune manyan gwanjon motocin inshora a Amurka, kuma yadda motar take haka ake sayar da ita, ba mayarwa. In ka ga an rubuta tana tashi tana tafiya, ma'anarsa kawai ta tashi ta motsa lokacin da aka kawo ta filin, ba wai an tabbatar maka da lafiyar inji da giya ba. Japan kuma tsarinsu daban, manyan gwanjo irin USS suna da takardar da mai duba mota yake cikewa, maki 5 ko 4.5 mai kyau ce sosai, 4 lafiya lau, 3.5 akwai ɗan aiki, R ko RA an taɓa gyaran hatsari. A zanen motar da ke takardar, harafin A ƙarzuwa ce, U lotsawa, XX an canza ɓangaren. Ka nemi asalin takardar da Japananci ka sa wani daban ya fassara maka, ba fassarar mai sayarwa ba. Satifiket ɗin fitarwa na Japan ma yana nuna kilomitar da aka rubuta a gwaje-gwajen baya, ka gwada da agogo.

In da hali ka biya wani mai zaman kansa ya je ya duba motar da ido ya sa mata sikana, wato na'urar gano matsalar mota. Cinikin biri a sama ne sayen mota da hoto, wannan ɗan kuɗin shine yake sauko da shi ƙasa.

Ƙananan abubuwa biyu da ake mantawa. Ka sa VIN a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, ka ga ko kamfanin da ya ƙera motar ya yi kiran a kawo ta gyara ba a yi ba, musamman jakar iska ta kamfanin Takata da aka janye kusan miliyan 67 a Amurka saboda tana iya fashewa ta watso ƙarfe, kuma zafi da laima ke ƙara mata haɗari, a sa a canza tun a can don kyauta ne. Sannan ka yi tunanin mai da kayan gyara, sabbin motocin dizal na Turai suna da matatar hayaƙi da ke toshewa in dizal ɗin yana da sulfa da yawa, mai lantarki kuma bakin cajin Japan daban, na Amurka daban, na Turai daban, na Chaina daban.

Mataki na huɗu: biyan kuɗi

Ta banki, zuwa asusun kamfani mai sunan da ke kan rasit, ba asusun wani mutum ba. In ana cikin ciniki aka turo maka saƙo wai an canza asusu, ka tsaya cak ka kira su ta lambar da ka sani tun farko, wannan tsohuwar damfara ce kuma har yau tana cin mutane. Ka adana shaidar tura kuɗin don kwastan na iya nema. Rasit ɗin ya ƙunshi sunanka yadda yake a katin shaidarka, VIN, iri, shekara, kuɗi, da sharaɗin cinikin, in FOB ne kuɗin ya tsaya a loda ta a jirgi sauran naka ne, in CIF ne har jigila da inshora zuwa tasharku. Kuma don Allah kar ka yarda a rage kuɗi a rasit wai don fito ya yi sauƙi, garin neman gira zaka rasa ido, in an gano tara ce ko ƙwacewa, in kuma motar ta lalace a teku inshora abin da ke rubuce zata biya.

Mataki na biyar: jirgi

Hanya biyu ce. RoRo shine jirgin da ake tuƙa motar a shiga da ita kamar gareji, ya fi arha, amma dole motar tana tashi kuma galibi ba a yarda ka bar kaya a ciki, ga shi makulli yana hannun ma'aikata tun daga can har nan, shi yasa ƙananan abubuwa kan yi ƙafa. Kwantena ta fi tsaro, mai ƙafa 20 mota ɗaya take ɗauka, mai ƙafa 40 ana sa uku har huɗu in an ɗaure su da kyau. In haɗaka kuka yi da wasu kuɗin zai ragu amma ka sani matsalar takardar mutum ɗaya tana iya riƙe kwantenar gaba ɗaya. Mai a tanki kar ya wuce kwata. A ɗauki hoton motar ta kowane ɓangare ranar da aka miƙa ta, har da agogo da yawan makullai.

Ƙasar da motar zata fito ma tana da nata sharaɗin. A Amurka sai an gabatar wa kwastan ɗinsu asalin taitil aƙalla awa 72 kafin a fitar da motar, kuma in akwai bashin banki a kanta ba zata fita ba sai da takardar bankin. A Japan sai an soke rajistarta an ba da satifiket ɗin fitarwa. A Jamus takardun rajista kashi biyu ne, ka tabbata duka biyun sun zo, in akwai takardar CoC ta masana'anta, mai shaida cewa motar ta cika ƙa'idar Turai, a haɗo da ita.

Inshorar teku kar ka tsallake ta. A watan Fabrairun 2022 jirgin Felicity Ace ya kama da wuta a tekun Atlantika ɗauke da motoci kusan 4,000, ya nutse a farkon Maris. Kuma akwai wata tsohuwar ƙa'idar teku da mutane basu sani ba, in aka yi asara ko aka kashe kuɗi don ceton jirgi, duk masu kaya a ciki ake raba wa, ko da motarka ko ƙwarzane bata yi ba sai ka biya kasonka ko ka kawo lamuni kafin a sake ta, mai inshora kuwa kamfaninsa ne zai tsaya masa. Ka tambaya ko inshorar ta rufe kowace irin ɓarna ce ko sai motar ta salwanta gaba ɗaya, biyun ba ɗaya bane.

Sai takardar lodi ta jirgi, bil of ladin. Ita ce ke nuna wanda ke da ikon karɓar motar. Kafin a fitar da ta ƙarshe ana turo daftari, to zauna ka karanta shi da yatsa, sunanka, adireshi, tashar da za a sauke, VIN harafi 17 ɗaya bayan ɗaya, 5 da S, 8 da B, 2 da Z, nan ake zamewa. Gyara kafin jirgi ya tashi kusan kyauta ne, bayan ya tashi kuwa kuɗi ne da makonni, kuma motar na tasha kuɗin ajiya na hawa.

Mataki na shida: fito da ita daga tasha

Ka nemi ejan mai lasisi tun jirgi na hanya, ka ba shi kwafin komai ya fara shiri. Tasha da kamfanin jirgi suna ba da 'yan kwanaki kyauta, daga nan kullum sai an caje ka kuma kuɗin ƙaruwa yake yi in kwanakin sun yi yawa, in aka daɗe sosai ma hukuma na iya yin gwanjon motar. Abin da za a nema galibi shine bil of ladin ko sakin da aka yi ta intanet, rasit, asalin takardar mallaka, satifiket ɗin dubawa in ana buƙata, katin shaidarka da lambar harajinka. Za a sa motar a rukuninta na kwastan, 8703 motocin ɗaukar mutane, 8704 na ɗaukar kaya, 8702 bas mai mutum 10 zuwa sama har da direba, kuma kowane rukuni da kuɗinsa, har girman inji yana canza lissafi.

Abin da zan roƙe ka anan shine ka ga takardar ƙimar da kwastan suka fitar da idonka, kuma in tsarin ya ba da dama ka biya da kanka ta banki. Ejan da ya ce kawo kaza zan fito maka da ita a rabin kuɗi, abin da zai yi shine ya rubuta ƙaramar shekara ko wata mota daban, zata fito kam, amma takardar da ke hannunka bata dace da motarka ba, kuma ranar da aka tare ka a hanya ko ka je rajista ko ka tashi sayarwa kai za a kama ba shi ba. Kafin ka fita da ita daga tasha ka zagaya ta ka gwada da hotunan ranar lodi, in akwai sabuwar ɓarna a rubuta a wurin a sa hannu, in ka fita ƙofa inshora zata ce a waje ta faru. Kuma ka ɗauke ta a janwe ko ka nemi lambar wucin gadi, kar ka hau titi ba lamba ba inshora.

Mataki na bakwai: gyara, gwaji, rajista

Daga tasha wajen makanike zata fara zuwa. A canza baƙin mai da filtoci, a duba birki da ruwan sanyaya inji da batir, a duba shekarun tayoyi, lambobi huɗu ne a gefen taya, 2319 na nufin mako na 23 a 2019, kuma tayar sanyi da ta zo da ita bata dace da ƙasa mai zafi ba. Sai abubuwan da mai gwaji zai duba don su dace da dokar wurin, fitilun gaba na motar da aka yi don tuƙi a ɗaya hannun suna haska idon masu tahowa sai an canza ko an saita, motocin Amurka da yawa siginar bayansu ja ce alhali wasu ƙasashen ruwan lemo suke so, Turai na neman fitilar hazo ta baya, wani wurin kuma dole agogon gudu ya nuna kilomita ko mil. Rediyon motar Japan daga 76 yake farawa ya tsaya wajen 90 ko 95, ba zai kama sauran tashoshi ba, wannan dai ba ya hana rajista. In an taɓa canza inji ka faɗa tun farko a rubuta sabuwar lambar, gilashi mai duhu kuma ka tambaya ko yana buƙatar izini.

Akwai wa'adi a wasu ƙasashen, a Ingila misali kwana 14 ne kake da su ka sanar da hukumar haraji cewa motar ta shigo, kuma sai an gama wannan hukumar DVLA zata yi mata rajista. Ka tambayi naku wa'adin.

Ranar rajista ka tafi da asali da kwafi na takardun kwastan da shaidar biya, bil of ladin, rasit, takardar mallaka ta ƙasar da ta fito tare da fassarar da aka amince da ita in da wani yare take, sakamakon gwajin lafiyar mota, inshora aƙalla wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, katin shaida da shaidar adireshi. Jami'i zai fito ya karanta lambar shasi a jikin motar ya gwada da takarda, wasu wuraren har 'yan sanda sai sun tantance. Sunan da ke bil of ladin in ba naka bane, misali da sunan ejan ko ɗan'uwanka aka shigo da ita, to sai an haɗa da takardar sauya mallaka daga shi zuwa kai, in ba haka ba a idon hukuma motarsa ce. Ka je da kanka ko ka bi wanda ka aika, inshorar ma ka tabbatar da ita a wajen kamfanin don ta bogi tana yawo sosai.

In an miƙo maka takardun kar ka bar wurin sai ka karanta su a tsaye, suna, launi, shekara, lambar inji, VIN. In akwai kuskure a gyara a ranar tun fayil ɗin yana kan tebur. Daga nan ka ɗauki hoton kowace takarda ka adana a waya da imel, kwafi ya zauna a mota, asalin takardun kwastan da na mallaka kuma a gida, don duk wanda zai sayi motar nan gaba su zai fara tambaya.